Siyasar Isra'ila Daga Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Yahudawa Ke Jayayya a Kai

Galibin labarin Isra'ila da ke iso mana ta rediyo ko ta waya labarin yaƙi ne: yau Gaza, gobe Lebanon, jibi Iran. Wanda ba kasafai ake ji ba shi ne hayaniyar da ke tashi tsakanin Yahudawan ƙasar su ya su, alhali ita ke ɗora gwamnati, ita ke kayar da ita, kuma sau da yawa ita ke yanke ko za a tsagaita wuta ko za a ci gaba. Wannan shafi ya amsa tambayoyin da aka fi yi, ta fuskar yadda su Yahudawan ke kallon al'amarinsu. Bayyana yadda mutum ke ganin abu daban, ba shi gaskiya daban. Sai dai wanda bai san tsarin ɗakunan gida ba, kullum zai yi ta mamakin abin da ke fitowa ta ƙofarsa.

Yaya ake kafa gwamnati a Isra'ila, kuma me ya sa ba sa gajiya da zaɓe?

Majalisar ƙasar, wadda ake kira Kneset, kujeru 120 gare ta. Babu mazaɓu. Ƙasar gaba ɗaya mazaɓa guda ce, jam'iyya ake kaɗa wa ƙuri'a, sannan a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu, muddin ta kai kashi 3.25 cikin ɗari. Firaminista na buƙatar rinjaye, wato kujeru 61, kuma tun kafa ƙasar a 1948 babu jam'iyyar da ta taɓa cin wannan adadi ita kaɗai a zaɓe. Dole sai an yi haɗaka, a nan ne ƙaramar jam'iyya mai kujeru shida ko bakwai ke zama ɗan hakin da ka raina. In ta yi fushi ta fice, gwamnati ta rushe.

Daga Afrilun 2019 zuwa Nuwamban 2022 sau biyar aka je rumfar zaɓe. A na ƙarshen, Likud ta Benjamin Netanyahu ta samu kujeru 32, ta haɗa kai da jam'iyyun addini suka tara 64. Shugaban ƙasa, Isaac Herzog, muƙaminsa na girmamawa ne kawai, mulki yana hannun firaminista.

Ai duk Yahudawa ne. To mene ne ya raba su?

Abubuwa biyu: yadda kowa ya riƙe addini, da inda kakanninsa suka fito.

A 2015 shugaban ƙasa na lokacin, Reuven Rivlin, ya yi wani jawabi da har yau ake ambato, inda ya ce Isra'ila ta zama ƙabilu huɗu, kowace da makarantunta. Akwai Yahudawan da ba su damu da ibada ba, waɗanda cibiyarsu Tel Aviv ce. Akwai masu haɗa addini da kishin ƙasa, waɗanda ake gane su da ƙaramar hula saƙaƙƙiya, su ne ƙashin bayan 'yan kama-wuri-zauna. Akwai 'yan Haredi masu baƙaƙen riguna da huluna, waɗanda suka keɓe kansu don karatun Attaura. Na huɗu kuwa Larabawa 'yan ƙasa, kusan kashi 21 cikin ɗari na mutane wajen miliyan 10. Yaro zai iya tashi har ya gama sakandare bai taɓa zama aji ɗaya da ɗan wata ƙabilar ba.

Ta ɓangaren asali kuma, Ashkenazi su ne waɗanda suka zo daga Turai, su suka kafa ƙasar, suka kuma riƙe ta ƙarƙashin jam'iyyar Leba har kusan shekara talatin. Mizrahi su ne waɗanda suka baro Maroko, Iraƙi, Yaman, Masar da Iran, dubban ɗaruruwa, wasu da son ransu, da yawa a kan dole. An sauke su a sansanoni da ƙananan garuruwan bakin iyaka, aka riƙa yi musu kallon ƙauyawa. Ba su manta ba. A 1977 suka taimaka wa Menachem Begin na Likud ya kayar da Leba, kuma har gobe yawancin ƙuri'unsu can suke tafiya, ko ga jam'iyyar Shas da aka kafa a 1984 a ƙarƙashin malaminsu Ovadia Yosef, haifaffen Bagadaza. Duk wanda ya ji magoya bayan Netanyahu na zagin "manyan Tel Aviv", tsohon mikin nan ne ake sosawa.

Kowane Bayahude ɗan Sahayoniya ne?

A'a. Sahayoniya aƙida ce ta siyasa da Theodor Herzl, ɗan jarida wanda bai damu da ibada ba, ya tsara a taron Basel na 1897: Yahudawa su samu ƙasar kansu tunda Turai ta ƙi karɓarsu. A farko manyan malaman Yahudu da dama sun yi tir da ita, suna cewa komawa ƙasar sai Almasihun da suke jira ya bayyana. Kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan shida ne ya sauya ra'ayin mafi yawa. Yau akasarin Yahudawan duniya na goyon bayan wanzuwar Isra'ila, ko da suna ƙin gwamnatinta. Amma har yanzu ɗariƙar Satmar ba ta yarda da halascin ƙasar ba, haka ma Neturei Karta, waɗanda ake yawan ganin hotunansu da tutar Falasɗinu. Su Neturei Karta 'yan ƙalilan ne ƙwarai, kada yawan hotonsu a Facebook ya ruɗe ka.

Ƙasar addini ce, ko ba ruwanta da addini?

Tana tsaka-tsaki, kuma da gangan aka bar ta haka. A 1947 David Ben-Gurion, wanda daga baya ya zama firaminista na farko, kuma shi kansa ba mai ibada ba ne, ya rubuta wa jam'iyyar malamai ta Agudat Israel takarda da alkawura huɗu don kada su kawo cikas ga kafa ƙasa: Asabar za ta zama ranar hutu, abincin hukumomin gwamnati zai bi ƙa'idar kosha, wato halal ɗin Yahudawa, aure da saki za su kasance a hannun malamai, kuma makarantun addini za su ci gashin kansu. A kan wannan yarjejeniya ake tafiya har yau.

Shi ya sa a yawancin garuruwa motocin haya na gwamnati ba sa aiki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, amma a Tel Aviv gidajen abinci a buɗe suke. Babu auren kotu a cikin ƙasar. Bayahuden da ba ya son malamai su ɗaura masa aure, ko wanda suka ƙi ɗaura wa, sai ya hau jirgi zuwa Saifurus ya yi a can, in ya dawo gwamnati ta yi masa rajista. Tsarin gado ne daga Daular Usmaniyya, kuma albarkacinsa Musulmin Isra'ila ma suna da kotunan Shari'a da alƙalan da gwamnati ke biya, masu duba aure da saki.

Wane ne Bayahude a idon doka?

Tambayar da ta sha girgiza gwamnatoci ke nan. Dokar Komawa ta 1950 ta bai wa kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa, a 1970 kuma aka faɗaɗa ta ta haɗa da 'ya'ya da jikoki da ma'aurata. Su kuwa malamai, a wurinsu Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin ta hannunsu. Da Tarayyar Sobiyat ta wargaje, kimanin mutum miliyan ɗaya suka kwararo, kuma dubban ɗaruruwa a cikinsu doka ta karɓe su, malamai ba su karɓe su ba. Suna aikin soja, suna biyan haraji, amma ba za a ɗaura musu aure a ƙasar ba. Jam'iyyar Avigdor Lieberman da wannan ƙorafi take ci.

Yahudawan Habasha ma sun sha irin wannan tambaya. An kwaso dubbai daga sansanonin gudun hijira na Sudan a 1984, sannan sama da dubu 14 daga Addis Ababa cikin kwana ɗaya da rabi a Mayun 1991. Da suka iso, hukumar malamai ta nemi su yi wankan shiga addini, abin da ya ƙona musu rai matuƙa.

Falasɗinawa kuma suna nuna wannan doka da yatsa: wanda aka haifa a New York yana da ikon "komawa", wanda aka kori kakansa daga Yafa a 1948 ba shi da shi.

Me ya sa batun sa 'yan Haredi aikin soja ke neman kayar da gwamnati?

In kana neman rigimar da ta fi kowace taɓa zuciyar Bayahuden Isra'ila a yau, ga ta nan.

Aikin soja dole ne daga shekara 18, maza kusan shekara uku, mata biyu, bayan nan kuma mutum ya zama na ko-ta-kwana, ana iya kiransa shekaru da dama. A 1948 Ben-Gurion ya yafe wa ɗaliban makarantun Attaura kimanin 400, domin yaƙin duniya ya ƙarar da malaman Turai, ana so a farfaɗo da karatun. Abin da ya zata ƙaramar alfarma ce. A 1977 Begin ya cire iyakar adadin. Matar Haredi kuwa takan haifi 'ya'ya wajen shida, yau sun kai kusan kashi 13 cikin ɗari na al'umma, ɗari huɗun nan sun koma dubbai masu yawa.

Hujjarsu ita ce karatun Attaura ne ke tsare ƙasar, shi ya riƙe Yahudawa shekara dubu biyu ba su da soja ko ɗaya. Akwai kuma tsoron da ba su cika faɗa a fili ba: yaron da ya shiga bariki, ya cuɗanya da mata da marasa ibada, ba lallai ya dawo da baƙar hularsa ba. Sauran jama'a kuma na cewa jinin ɗan wani bai fi na ɗan wani ja ba, balle ga kuɗin tallafi da makarantun ke karɓa daga harajin waɗanda ke filin daga.

Kotun ƙoli ta soke dokar da ta tsara yafiyar a 2012, 'yan siyasa suka yi ta jan ƙafa. Yaƙin Gaza ne ya ƙure maganar. An kira sojojin ko-ta-kwana sama da dubu 300, wasu suka yi watanni sun bar iyali da sana'a. A Yunin 2024 kotun ta yanke hukunci baki ɗaya cewa babu dokar da ta ba da damar ci gaba da yafiyar. Netanyahu ya shiga halin gaba kura baya sayaki: in ya yi dokar yafiya, magoya bayansa masu 'ya'ya a fagen fama za su juya masa baya, in bai yi ba, Shas da ɗaya jam'iyyar Haredi masu kujeru 18 tare za su tafi. A Yulin 2025 ministocinsu suka ajiye muƙamai a kan wannan batu. Abin lura, mafi zafin sukar 'yan Haredi yanzu har da masu saƙaƙƙiyar hula, waɗanda su ma suna karatun Attaura amma sun binne 'ya'ya da yawa a wannan yaƙi.

Mece ce rigimar kotu da ta cika tituna a 2023?

Isra'ila ba ta da rubutaccen tsarin mulki. An yi niyyar rubutawa tun farko, aka kasa daidaitawa, wani ɓangare saboda masu addini sun ce Attaura ta isa. Sai aka riƙa yin "dokokin tushe" ɗaya bayan ɗaya. A 1995, a zamanin alƙali Aharon Barak, kotun ƙoli ta ce tana da ikon soke duk dokar da ta saɓa wa waɗannan. Masu ra'ayin riƙau suka ce alƙalan da ba wanda ya zaɓa sun ƙwace mulki.

A Janairun 2023 ministan shari'a Yariv Levin ya kawo shirin rage wa kotun ƙarfi da bai wa gwamnati rinjaye wajen naɗa alƙalai. Masu adawa suka ce ƙasar majalisa ɗaya gare ta, ba ta da jihohi, shugabanta ba shi da iko, don haka in aka karya kotu babu sauran mai taka wa gwamnati birki. Suka ƙara da cewa mutumin da ke gaban kotu, wato Netanyahu, bai kamata ya zaɓi alƙalai ba. Duk daren Asabar dubban ɗaruruwa suka riƙa cika titin Kaplan na Tel Aviv, har matuƙa jiragen yaƙi na ko-ta-kwana suka yi barazanar daina zuwa atisaye. A Yuli aka zartar da kashi na farko da ƙuri'a 64, 'yan adawa sun fice daga zauren. Ranar 1 ga Janairun 2024 kotun ta soke shi, alƙalai 8 a kan 7.

A waɗannan watanni an sha jin wata kalma ta Ibrananci mai nufin "ƙiyayya ba dalili". Malamansu na da sun ce ita ta jawo Rumawa suka rushe Haikali, babban ɗakin ibadarsu a Ƙudus, a shekara ta 70. Kowane ɓangare ya riƙa jifan ɗaya da ita.

Yaya aka yi Netanyahu ya daɗe haka?

Ya yi mulki daga 1996 zuwa 1999, ya dawo 2009 zuwa 2021, ya sake dawowa a ƙarshen 2022. Ya zarce Ben-Gurion. Magoya bayansa na ganinsa a matsayin wanda ya iya magana da Amurka, ya tsaya wa Iran, ya ƙulla hulɗa da Daular Larabawa da Bahrain da Maroko a 2020 ba tare da ya ba da ko taƙin ƙasa ba. Sunan gidansu ma na da nauyi: yayansa Yonatan ne kwamandan da aka kashe a farmakin Entebbe na Yuganda a 1976.

Tun 2020 yake gaban kotu kan zargin cin hanci, zamba da cin amana, yana musantawa. Shari'ar ta sa tsofaffin abokansa na ra'ayin riƙau da dama suka ƙi zama da shi, shi kuma ya jingina da 'yan siyasa masu tsattsauran ra'ayi, Bezalel Smotrich da Itamar Ben-Gvir. Siyasar ƙasar ta koma gida biyu, masu cewa "Bibi kaɗai" (Bibi laƙabin Netanyahu ne) da masu cewa "kowa ma, ban da Bibi".

Ina masu neman sulhu da Falasɗinawa suka shiga?

Sun ƙanƙance. Firaminista Yitzhak Rabin, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Oslo da Falasɗinawa, Bayahude ne mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi a Nuwamban 1995. Sai boren Falasɗinawa na biyu daga 2000, da bama-baman motocin haya. Sai janyewa daga Gaza a 2005, Hamas ta karɓe ta a 2007, rokoki suka biyo baya. Talakan Isra'ila ya yanke cewa duk inda aka janye, wuta ke fitowa. Falasɗinawa na amsawa cewa matsugunai ba su daina yaɗuwa ba ko a zamanin Oslo, kuma Gaza a killace take. Leba da ta kafa ƙasar kujeru 4 ta samu a 2022. Amma jaridar Haaretz da ƙungiyoyi irin su B'Tselem da Peace Now suna nan, kuma sukar da suke wa gwamnati wani lokaci ta fi ta waje kaifi.

Me 'yan kama-wuri-zauna ke so, kuma ina batun Masallacin Ƙudus?

Kimanin rabin miliyan ne ke zaune a Yammacin Kogin Jordan, ban da gabashin Ƙudus. Su suna kiran yankin Yahudiya da Samariya, suna cewa nan ne ainihin ƙasar kakanni, inda kabarin Annabi Ibrahim yake a Hebron. Ga masu aƙidar cikinsu, nasarar yaƙin 1967, wanda a cikinsa Isra'ila ta kame yankin, ishara ce daga sama. Wasu kuwa arhar gida ce ta kai su, manyan matsugunai biyu ma na 'yan Haredi ne. Yawancin ƙasashen duniya na ɗaukar matsugunan a matsayin haramtattu, kotun duniya ta jaddada haka a Yulin 2024.

Harabar Masallacin Ƙudus ita ce Yahudawa ke kira Dutsen Haikali, wuri mafi tsarki a wurinsu. Bayan 1967 ministan tsaro Moshe Dayan ya bar kula da ita a hannun hukumar Waƙafi, Yahudawa su yi ibada a Bangon Yamma da ke ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: hukumar manyan malaman Yahudu ta daɗe da haramta wa mabiyanta hawa harabar, don gudun taka wuri mai tsarki ba tare da tsarki ba. Masu hawa, irin su Ben-Gvir, daga ɓangaren saƙaƙƙiyar hula suke, kuma malaman Haredi kan yi tir da su. Shi Ben-Gvir, a ƙuruciyarsa soja sun ƙi ɗaukarsa saboda tsaurin ra'ayi, a 2007 kuma kotu ta same shi da laifin tunzura wariya. A ƙarshen 2022 ya zama ministan da ke kula da 'yan sanda.

Yaya harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 ya sauya tunaninsu?

An kashe kimanin mutum 1,200, aka yi garkuwa da wajen 250, a ranar Asabar da ta dace da idinsu. Ba a taɓa kashe Yahudawa da yawa haka a rana ɗaya ba tun zamanin Nazi, kuma da wannan ido suke kallon sa. Alkawarin ƙasar tun farko shi ne irin haka ba za ta sake faruwa ba, sai ga iyalai a ɓoye cikin ɗaki awanni suna jiran sojan da bai zo ba. Ƙauyuka irin su Be'eri da Nir Oz da aka fi yi wa ɓarna na cikin masu goyon bayan sulhu.

Haɗin kan bai daɗe ba. Iyalan waɗanda aka kama suka kafa sansani a Tel Aviv suna neman a yi musaya ko nawa ne kuɗinta, suna kafa hujja da cewa fansar kamamme babban wajibi ne a addininsu. Smotrich da Ben-Gvir suka ce a tuna 2011: an saki fursunoni 1,027 don soja ɗaya, Gilad Shalit, cikinsu har da Yahya Sinwar da ya tsara harin. Sai a Oktoban 2025 aka sako mutum 20 na ƙarshe da ke raye.

A Gaza kuwa, ma'aikatar lafiya ta ƙidaya mamata sama da dubu 60 ya zuwa tsakiyar 2025, unguwanni sun zama kufai. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta ba da sammacin kama Netanyahu da tsohon ministan tsaro Yoav Gallant a Nuwamban 2024. B'Tselem ta kira abin kisan ƙare dangi, gwamnati da yawancin jama'a sun yi watsi da wannan suna. Gidajen talbijin na ƙasar ba su cika nuna abin da sauran duniya ke gani daga Gaza ba, wannan ma na daga cikin dalilan da suka sa maganarsu da ta waje ba ta haɗuwa.

Saura batun laifin wa. Shugaban sojoji Herzi Halevi ya yi murabus ya ɗauki alhaki. Bayan yaƙin 1973 an kafa hukumar bincike ta ƙasa, firaminista Golda Meir ta sauka a 1974. Netanyahu ya ƙi irin wannan hukuma, domin bisa doka shugaban kotun ƙoli ne ke naɗa mambobinta. Ka ga rigimar kotu ta sake dawowa ta taga.

Yahudawan ƙetare suna da ta cewa?

Ba su da ƙuri'a. Ko ɗan Isra'ila da ke zaune a waje ba ya zaɓe sai ya dawo gida, in ban da jami'an jakadanci. Yahudawan Amurka, waɗanda yawansu ya yi kusa da na Isra'ila, kusan kashi 70 cikin ɗari Dimokurat suke zaɓa, kuma da yawansu na bin ɗariƙu masu sassauci da malaman Isra'ila ba su yarda da su ba. A 2016 aka amince a ware musu wuri a Bangon Yamma inda maza da mata za su yi ibada tare, a 2017 Netanyahu ya jingine shirin don 'yan Haredi. A cikin ƙungiyoyinsu, AIPAC na kare gwamnatin Isra'ila a majalisar Amurka, J Street na sukarta tana neman ƙasa biyu, Jewish Voice for Peace kuma na tare da masu ƙaurace mata.

Larabawan Isra'ila fa, suna da tasiri a majalisa?

Suna zaɓe, suna da kujeru, an yi alƙalan kotun ƙoli daga cikinsu, amma dokar 2018 da ta ce 'yancin cin gashin kai a ƙasar na Yahudawa ne kaɗai, ta kuma rage matsayin Larabci, ta ɓata musu rai, har da Durzawa, wata ƙaramar al'umma mai addininta daban, da ke aikin soja. A 2021 Mansour Abbas, shugaban jam'iyyar masu kishin Islama ta Ra'am, ya shiga haɗakar Naftali Bennett da Yair Lapid da kujeru 4, karon farko da jam'iyyar Larabawa mai zaman kanta ta yi haka. Da kujerun nan huɗu aka sauke Netanyahu bayan shekara 12. Gwamnatin shekara ɗaya ta yi ta rushe, kuma tun bayan 7 ga Oktoba shugabannin adawa da dama na ɗari-ɗarin sake zama da jam'iyyar Larabawa, ko da lissafin kujeru 61 ya ƙi cika sai da ita.